Lakar Kwata a Kan Jarumaina

Yayana ne ya fara shigo da mujallun gidanmu. A lokacin yana aikin kumsari, wato mai kiran fasinja, a wata hafila, wato bas, da ke jigila tsakanin unguwarmu Mayo da tsakiyar Khartoum. Idan direba ya tsaya cin ful, dafaffen wake, a kasuwar Suk Arabi, shi sai ya zagaya wurin masu baza tsofaffin littattafai a ƙasa. A can yake tsinto su, mujallun yara masu labari cikin hotuna, an juya su zuwa Larabci, bango ya yage, shafuka sun yi ja da ƙura. A ciki akwai wasu mutane masu ɗamammun kaya, ja da shuɗi, mayafi yana kaɗawa a bayansu. Suna tashi sama, suna ɗaga mota da hannu ɗaya, suna tare jirgin ƙasa da ƙirji.

Shi labarin yake bi, ya ga wa ya kayar da wa. Ni wannan bai taɓa damuna ba. Abin da ke riƙe min ido shi ne dabarar mai zanen idan yana son nuna gudu: dogayen layuka a bayan mutum, jan launi da ya tsaga sararin shafi, da wata fashewar rawaya mai haƙora a inda naushi ya sauka. Nakan rufe jarumin da babban yatsana in kalli abin da ya rage, kuma kullum abin da ya rage ya fi min shi kyau.

Baba ɗan Jazira ne. A gonakin auduga aka haife shi, a can ya ƙare ƙuruciyarsa yana tsinkar wa wasu, kamar yadda mahaifinsa ya yi tun da tafiyar hajji ta tsaya masa a hanya. Da aikin gona ya lalace sai ya kwaso mu zuwa Mayo, ya kafa teburin albasa a kasuwar unguwa. Ba ya son hirar auduga. Idan tsofaffi suka taru suna tuna Jazira yakan miƙe ya ce zai je ya duba tebur. Shi ne ya tsaya min da na ce makarantar koyon zane nake so, lokacin da Inna da 'yan'uwanta suka ce wannan ba karatu ba ne.

Da na gama na sami aikin koyar da zane a wata makarantar 'yan mata a Kalakla. Da yamma in na dawo sai in shiga rakuba, rumfar da ke tsakar gidanmu, in jingina babban ƙyalle da bango in yi nawa aikin. Ba na zana fuska, ba na zana hannu ko ƙafa. Gudun kawai nake zanawa, da ƙarfin, da iskar da mayafi ya bari bayan ya wuce. Nakan shimfiɗa shuɗi mai zurfi, in bar shi ya sha iska, sannan in ɗauko burushi mafi faɗi in ja jan layi daga wannan kusurwa zuwa waccan da numfashi ɗaya. In hannu ya yi rawa, aikin ya ɓaci, sai a sake daga farko.

Wata rana Baba ya dawo daga kasuwa ya tsaya a bayana, yana warin albasa da rana. Uwata yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa min.

"Uwata, wannan kuma mene ne?"

"Mutum ne yana tashi sama, Baba."

"To ina mutumin?"

"Ya riga ya wuce."

Ya yi dariya har ya dafa ginshiƙin rakuba. Ya ce hakan ma ya fi, tunda babu fuska liman ba shi da abin cewa. Daga ranar duk baƙon da ya zo sai ya ja shi rakuba ya nuna masa mutumin da ya riga ya wuce.

Wata abokiyar aikina ce ta ɗauki hotunan zanen da wayarta ta sa a shafinta, ta haka labari ya kai ga mutumin da kowa ke kira Ustaz. Yana da wani tsohon gida mai kaurin bango a Omdurman, kusa da kogi, wanda ya gyara ya mayar wurin baje kolin zane. Turawan ofisoshin jakadanci da na ƙungiyoyin agaji suna zuwa wurinsa, da 'ya'yan manyan gari. Tun muna makaranta ake cewa wanda Ustaz ya rataya aikinsa a bango ya fita daga sahun masu rubuta allon shago. Sai ga shi wata rana ya kira ni a waya, ya ce in je in same shi.

Na same shi yana cin soyayyen kifi a kan jarida. Mutum ne mai tumbi, da furfura a gemu, tabarau na lilo a wuyansa. Bai tashi ba, ya nuna min kujera da ƙashin kifin da ke hannunsa. Na zo da wani ƙaramin zane don ya gani da ido. Ya karɓa da hannun da yake ci, yatsansa ya bar tabon mai a kan shuɗin. Ya ga na gani. Ya tsotse yatsan ya ci gaba da dubawa.

Da Larabci muka yi magana, don ba ya jin Hausa ko kalma ɗaya.

"Ke 'yar ina ce, ya binti?" in ji shi, wato 'yata.

"Mayo, Ustaz."

"Asali nake nufi."

"Hausawa ne mu. Iyayena daga Jazira suka zo."

Ya ajiye kifin. "Fallatiya," ya ce a hankali, kamar mai ɗanɗana kalmar a harshe. Wannan suna da 'yan ƙasa ke kiran irinmu da shi na saba jin sa tun ina firamare, yawanci da yatsine. Ban taɓa jin an faɗe shi da kwaɗayi ba sai ranar, kuma na ga gara yatsinen.

Na ba shi labarin mujallun yayana, da jarumai masu mayafi, da yadda nake rufe su da yatsa. Ya yi dariya har ya shaƙe, ya sha ruwa.

"Wannan ki bar shi tsakaninmu. Wanda ya taso daga ƙasar Turawa ba zai zo Omdurman don ya ga jarumin da ya baro a ɗakin ɗansa ba."

"Amma daga nan aikin ya fito."

"Mai zane ba ya sanin inda aikinsa ya fito, ya binti. Shi ya sa Allah ya yi irinmu."

Na ɗauka irin barkwancin manya ne. Ya ce yana son ya zo gida ya ga inda nake aiki, na ce yana iya zuwa.

Ƙarshen damina ne. Wanda ya san Mayo ya san yadda take a wannan lokaci. Kwatar da ta bi ta ƙofar gidanmu ta cika ta tsaya, ruwan ya yi kore mai kauri, ledoji da gashin kaji suna yawo a kai, kuma kowa ya san ruwan bayan gida na gidaje da yawa nan yake gangarowa. Mun saba tsallake ta da numfashi a riƙe. Inna ta share gida tun safe, ta yayyafa ruwa, ta sa turaren wuta. Baba ya bar teburinsa a hannun maƙwabci, ya soya gahawa da kansa ya dafa jabana, baƙar gahawa mai citta.

Ustaz ya zo da mota da mai ɗaukar hoto. Zanen da na jera a rakuba kallo ɗaya ya yi musu ya ce sun yi. Mai hoton bai ko ɗaga musu kyamara ba. Waje ya koma, ya durƙusa a bakin kwata yana ɗaukar ledoji, da wani mataccen ɓera, da bangon maƙwabtanmu da ruwa ya cinye gindinsa. Ustaz kuwa ya zauna kusa da Baba ya kurɓi jabana sau ɗaya ya ajiye.

"Ya Hajj, an ce ka tsinki auduga."

"An yi, da daɗewa," in ji Baba, ya tura masa farantin dabino.

"Mu ga hannun."

Baba ya miƙa, yana zaton gaisuwa ce. Ustaz ya kama hannun ya juya shi ciki da baya, yana latsa tafin da yatsa, yadda mata ke latsa tumatir a kasuwa. Ya kira mai hoto ya ce ya zo ya ɗauki wannan. Na tashi na shiga madafa na tsaya ina kallon tukunya.

Da za su tafi na ga direbansa yana ɗibar laka daga gefen kwata da shebur yana zubawa a bokiti, ya ɗaure hanci da ƙyalle. Na tambaya. Ustaz ya ce taki ne na furannin tsakar gidansa, wai irin wannan ƙasa ba a samunta a Omdurman. Ya ce in aiko da zanen, maganar katakon da za a sa musu da yadda za a rataye su in bar masa, kada in zo sai ranar buɗewa don in ga abin da idon baƙo. Ya ce lallai in zo da Hajj.

Ranar buɗewa Baba ya sa farar jallabiyarsa ta sallar idi, wadda Inna ke ajiyewa a ƙasan akwati da itacen sandal. Ya daɗe gaban madubi yana naɗa rawani. Ni na sa sabon tob, lafayar da mata ke naɗawa, mai ruwan zuma. Muka hau hafila zuwa cikin gari, muka sake wata ta haye gada da mu zuwa Omdurman bayan la'asar. A kan gada Baba ya nuna min inda ruwan manyan koguna biyu na birnin ke haɗuwa, kamar ban taɓa gani ba. Yana ta gyara bakin rawaninsa.

Warin ne ya fara tarye ni. An kunna turaren wuta a kowace kusurwa, amma a ƙarƙashinsa akwai wani wari da na sani tun ina rarrafe. Na tsaya a bakin ƙofar ɗakin farko.

An shafe gefunan zanena da lakar kwata. An kwaɓa ta da gam an dama, an yaɓa ta da hannu, har sawun yatsu na nan. A cikin lakar an manna tsumman buhu, da tsinkakken silifa, da murfin kwalba, da guntun auduga. Babban zanen, wanda na fi so, wanda jan layinsa ya fita min daidai bayan na ɓata ƙyallaye da yawa, an rufe kusan rabinsa na ƙasa da laka, an danna tafin hannu a kai nan da can. Lakar ba ta gama bushewa ba. Ƙudaje suna sauka suna tashi. A gefen kowane zane an manna takarda da Larabci da Turanci. Ɗaya an sa masa suna Kukan Kakanni, wani Aljanun Kwata, wani kuma Jinin Auduga. A ƙasa an ce mai zanen 'yar ƙabilar da ke yawo ce, ta taso a cikin shara, ba ta san dalilin da ya sa hannunta ke yin abin da yake yi ba.

Baƙi sun cika ɗakin, da kofunan lemo a hannu. Wata Baturiya ta kai hancinta kusa da lakar ta lumshe ido ta ja numfashi.

Na sami Ustaz a ɗaki na biyu, ya sa riga mai aiki da hula irin ta mutanen yamma, wadda ban taɓa ganinsa da ita ba.

"Ustaz, wa ya taɓa min aiki?"

"Kammala miki shi na yi." Ya yi murmushi ga wani da ke wucewa. "Da launi ne kawai, irin wanda kowace yarinya a kowane gari za ta iya. Yanzu yana da ƙasa, yana da wari, yana da uwa da uba."

"Kashi ne ka shafa musu."

"Rage murya, ya binti. Dubi mutane. Kin taɓa ganin an taru haka don ke?"

Ya dafa kafaɗata. Na janye, na juya in ce wa Baba mu tafi, sai na ga ba ya bayana.

A tsakar gida na same shi, ƙarƙashin bishiyar darbejiya. An shimfiɗa wata yagaggiyar tabarma a kusurwa, an tara auduga a kanta, an zaunar da shi a tsakiya. Audugar ba fara ba ce. Ta tsohuwar katifa ce da aka farke, ta yi rawaya-rawaya, ta cure, wani wurin da tabon da ba sai an faɗa maka na mene ne ba. An cire masa rawani, furfurarsa a waje. An ɗora masa wani tsohon buhu a cinya. An kafa fitila tana haska shi ko da yake rana ba ta faɗi ba.

Yana murmushi. Ya hango ni ya ɗaga hannu.

"Uwata, nan suka ce in zauna, wai wurin uban mai aiki ne. Rawanin sun ce zafi zai dame ni, sun adana min."

Mutane sun yi masa rabin da'ira. Wayoyi a sama. Wata mata ta durƙusa kusa da shi ta karkata kai har gashinta ya taɓa kafaɗarsa, ta ɗauki hoton su biyu. Baba ya ɗan matsa don kunya, ya ce mata marhaba. Wani saurayi ya ɗebi audugar ya sa masa a tafin hannu, ya nuna masa yadda zai ɗaga ta. Baba ya ɗaga.

Kafin in isa gare shi Ustaz ya tafa hannu, ya kira jama'a, ya kamo ni ta gefen tob ya tsayar a tsakiya. Da Turanci ya yi jawabi. Na yi Turanci a makaranta, na ji duk abin da ya ce. Ya ce ya tsinto ni a inda birni ke zubar da abin da ba ya so. Ya ce idan maganar zane ta zo ba na iya buɗe baki sai da harshen kakannina, don haka zan yi magana da shi, shi kuma zai fassara. Ya juyo ya ce min da Larabci, ƙasa-ƙasa, "Faɗi komai da yarenku. Ko lissafin albasa ne."

Na yi magana da Hausa.

"Launin da ke tsakiya nawa ne. Lakar da silifan da buhunan ba nawa ba ne, daga kwatar ƙofar gidanmu aka ɗebo su, inda ruwan bayan gida ke bi. Babu aljani ko ɗaya a cikin aikina. Mutanen mujallar yara ne masu tashi sama. Wancan dattijo da aka cire wa rawani, aka zaunar cikin audugar katifar fitsari don ku ɗauke shi hoto kamar abin gidan namun daji, mahaifina ne."

Ustaz ya gyaɗa kai da nauyi, ya rufe ido kaɗan. Ya ce da Turanci, "Tana cewa kakarta na zuwa mata a mafarki da jan mayafi, ta kama hannunta ta tsoma a cikin ƙasa." Wani ya yi ajiyar zuciya.

A duk tsakar gidan nan mutum ɗaya ne ya ji abin da na faɗa. Na waiwaya na gan shi. Murmushin ya bar fuskarsa. Ya dubi audugar da ke hannunsa, ya kai ta kusa da hanci, ya sauke. Ya dubi wayoyin ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ajiye buhun a gefe, ya dafa ƙasa ya miƙe, ya shiga cire guntayen auduga daga jallabiyarsa a hankali, ba ya kallon kowa.

Na juya ga jama'a na maimaita maganata da Turanci, kalma bayan kalma, na ƙara cewa mutumin nan ba ya jin Hausa, ƙarya ya fassara musu. Na zaci wani zai ajiye kofi, ko wata ta sauke waya. Sai wani dogon Bature a baya ya fara tafi, saura suka bi. Sun ɗauka cikin shirin ne. Ustaz ya buɗe hannuwa ya ce, "Kun gani? Wannan shi ne fushin Mayo. Ba a koyar da shi a makaranta." Tafin ya ƙaru. Matar da ta ɗauki hoto da Baba ta zo ta kama hannuna biyu, idonta da hawaye, ta ce ba ta taɓa ganin abu mai gaskiya irin wannan ba. Tafinta da sanyi da danshi. Na zare hannuna na goge a tob a gabanta.

Baba ya je wurin mai gadi ya ce da Larabci mai ladabi a ba shi rawaninsa. An rataye shi a ƙusa a bayan ƙofar madafa, kusa da tsumman goge tebur. Bai naɗa ba, ya ninke ya riƙe a hannu. Haka muka fito, kansa a buɗe, abin da ban taɓa ganin ya yi a titi ba.

Muka hau hafila. Ya zauna a bakin taga yana kallon waje. Wani guntun auduga ya maƙale masa a bayan wuya, na kai hannu na cire, bai juyo ba. Da muka isa gida ya ɗebi ruwa ya shiga wanka ya daɗe. Inna ta tambaye shi yaya taro, ya ce an taru. Ya dube ni ya ce, "Uwata, ba ki ci komai ba, je ki ci." Bai ƙara ba, kuma har yau bai taɓa tayar da maganar ba.

Washegari na je da yayana, wanda a lokacin ya bar hafila yana tuƙa raksha, babur mai ƙafa uku, muka kwaso zanen. Ustaz ba ya nan. Mai gadi ya buɗe mana ya koma gefe yana toshe hanci, don an rufe ɗakunan tun jiya kuma zafi ya dafa lakar. Babban zanen babu shi, sai ƙusoshi a bango da tabon laka inda ya ɗiga. Na kira Ustaz a waya.

"Ya tafi ƙasar sanyi, ya binti. Za a rataye shi a gidan da ko a mafarki ba ki taɓa shiga ba. Jiya kin yi kyau ƙwarai. Sai dai nan gaba ki riƙa faɗa min kafin ki yi irin wannan, don mai hoto ya shirya."

Na kashe wayar. Yayana ya ce in bar shi ya jira mutumin a ƙofa. Na ce ya tayar da raksha mu tafi. Duk hanya muna tafe da warin, mutanen da ke tsaye a bakin titi suna juyowa suna kallonmu.

Na yi ƙoƙarin ceto su. Na sa wuƙa ina kankarewa, amma gam ya kama, lakar tana ɓanɓarowa da launin a jikinta. Na gwada ruwan ɗumi, shuɗin ya jiƙe ya yi tabo. A ƙarƙashin wani tsumman buhu na tarar da ƙananan tsutsotsi farare suna motsi, na fita da gudu na yi amai a bayan rakuba. Inna ta ce in fitar mata da su daga gida kafin su sa wa mutane ciwo. Na yanke tsakiyar wasu da almakashi, inda lakar ba ta kai ba, na sami guntaye kamar faɗin dardumar salla. Sauran na ba mai amalanken shara.

Bayan 'yan makonni hoton Baba ya fara yawo a wayoyi, yana zaune cikin auduga da hannu a ɗage, an rubuta wani abu a ƙasa game da waɗanda aka manta. Ya iso har kasuwar unguwa. Wasu suka yi masa murna wai ya shiga duniya, wasu suka riƙa kiransa da sunan da ke ƙasan hoton. Ya ci gaba da zuwa teburinsa kullum. Baƙi dai ya daina kai su rakuba.

Na daɗe ban taɓa burushi ba. Da na koma, ƙanana na riƙa yi, waɗanda zan iya ɗauka a hammata, kuma ban sake barin aikina ya kwana a hannun kowa ba. 'Yan matan da nake koyarwa su ne masu kallona. Su da sun ga jan layin nan suke cewa wannan mai mayafi ne ya wuce, ba sai an yi musu bayani ba.

Da shekara ta zagayo na ga sanarwa a waya cewa Ustaz ya sake tsinto wata. Yarinya ce daga unguwar Hajj Yusuf, na san ta, tana bayana a makarantar zane, tana da hannu mai kyau a kan furanni da tsuntsaye. Iyayenta daga yamma yaƙi ya koro su. Na nemi lambarta, muka haɗu wurin wata mai shayi a bakin kogi, muka zauna a ƙananan kujerun ƙarfe. Na ba ta labarin duka, da bokitin, da takardun bango, da tabarmar, da tafin. Ta saurara tana juya cokali a kofi.

"Na sani, ya ustaza," ta ce. "Kowa ya sani."

"Kin sani, kuma za ki ba shi?"

"Ke kina da aikin makaranta. Ni ba ni da wata ƙofa sai wannan." Ta kurɓi shayi. "Kakata ce za ta zauna. Ya ce ta zo da turmi, kada ta sa takalmi. Mun riga mun gwada mata yadda za ta riƙe taɓarya in ana ɗaukar hoto. Ita dariya ma abin yake ba ta."

"Aikinki fa?"

"Ya ce toka zai sa musu, ya ɗan ƙona gefe. Na ajiye masu kyau a gida, na ba shi waɗanda ban damu da su ba."

Shayina ya huce, ƙuda ya faɗa ciki yana juyi. Sai ta tambaye ni ko bangon ɗakin ciki zai ɗauki zane mai tsawon ƙofa, don ba ta taɓa shiga can ba. Na ce zai ɗauka. Ta yi min godiya. Na tura kofin gefe, na gyara tob ɗina, na tafi neman hafilar Mayo.